Daga Kano Zuwa Jidda: Tafiyar Shekara Bakwai da Ta Koma Awa Biyar

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, in an miƙe ba a karkata ba. Jirgin zamani kan cinye wannan tazara cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Agogon Saudiyya yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, saboda haka wanda ya tashi daga Kano da hantsi zai yi la'asar a bakin Bahar Maliya. Kakana ya bi wannan tazara da ƙafarsa, shi da kakata, suka shekara bakwai kafin su ga ganuwar Jidda. Ya fita daga ƙasar Gaya yana saurayi sabon aure, ya iso da 'ya'ya biyu a raye da kabari ɗaya da ya bari a Darfur.

Ni a Jidda aka haife ni, a nan na girma, kuma a Balad nake neman abincina. Ina da ɗan kanti kusa da Bab Makka inda nake sayar da yadi da jallabiya da akwatunan tafiya. Yawancin masu cinikina alhazanmu ne da 'yan Umara daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, masu zuwa haɗa tsaraba kafin a kira sawunsu. Na daɗe ina lura da cewa da wuya ka sami wanda zai iya lissafa maka garuruwa uku daga cikin waɗanda jirginsa ya ƙetare. Abin yana damuna, domin a waɗannan garuruwa dangina suke, kuma dangin mai sayen ne shi ma.

Balad ita ce tsohuwar Jidda. Tun shekara ta 647, wato 26 bayan Hijira, Halifa Usmanu ɗan Affan ya mayar da ita tashar jiragen ruwa ta Makka a maimakon Shu'aiba. Daga nan zuwa Harami bai wuce kilomita 80 ba. Gidajenta dogaye an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓar teku, da tagogin katako masu sassaƙa da suka leƙo kan lunguna. Akwai Masallacin Shafi'i a unguwar Mazlum, da Kasuwar Alawi, da Gidan Nasif wanda Sarki Abdul'aziz ya sauka a cikinsa da ya karɓi garin a 1925. Ganuwa ce ta kewaye garin har 1947 da aka rushe ta. A 2014 hukumar UNESCO ta sa Balad cikin wuraren tarihi na duniya, masu yawon buɗe ido suka fara cika lungunanmu. Ana nuna musu gidajen attajiran Hadramaut da na Sham. Ba a cika nuna musu inda baƙaƙen da suka zo daga yamma suka zauna ba, don bukkokinsu ba su da dutsen da zai daɗe.

Mutanenmu sun san hanyar gabas tun da daɗewa, amma tsohuwar hanyar ba ta Sudan take bi ba. Sahara ake ratsawa, ta Agadas da Gat da Fezzan zuwa Alƙahira, a jira ayarin Masar a gangaro Hijaz. Ta Alƙahira Mansa Musa na Mali ya biyo a 1324, Askiya Muhammadu na Songai ma ta can ya bi a ƙarshen ƙarni na 15. Sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu da alhazansu masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13. Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi daga Katsina, ya sauke farali ya zauna a Alƙahira har ya rasu a 1741. Wannan hanya ta sarakuna ce da malamai da fatake masu raƙuma. Talaka da wuya ya iya ta.

Hanyar talaka ta buɗe sosai ne bayan zuwan Turawa. Da suka ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaga tutar hijira zuwa gabas, jama'a suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Aka yi shahadarsa a Burmi a Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno, kusa da Sinnar. Daga nan duk wanda ya fito daga ƙasar Hausa ya san akwai 'yan'uwa a gaba da za su ba shi ruwa da tabarma. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, na Sudan kuma ya kai Al'ubayyid wajen 1912. Tsakanin waɗannan tashoshi biyu akwai fiye da kilomita 2,000 da babu dogo, sai ƙafa da jaki da takarkari.

Kakana ya fita a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ya sayar da gonarsa da akuyoyinsa, ya biya bashin da ake binsa, ya zaga dangi gida gida yana neman gafara. Kakata ta ce ranar da za su tashi, mahaifiyarta ta riƙe ta tana kuka irin na makoki, maza suka raka su har bayan gari, liman ya yi addu'a, aka shafa. Babu wanda ya ce musu sai kun dawo. Abin da aka ce shi ne, in ba a sake ganawa ba, a yafi juna.

Sunayen zangunan na haddace su tun ina yaro, domin da su kakata take lissafa shekarunta. Yarwa, inda suka jira ayari ya taru. Dikwa. Kusuri, inda suka haye kogin Shari da kwalekwale zuwa Fallomi, wadda yau ake kira Injamena. Sai Ati, sai Abashe ta ƙasar Wadai, sai Adare, sai Jinaina, ƙofar Darfur. Daga nan Alfashir, Nuhud, Al'ubayyid. Ba a tafiya da damina. In ruwa ya sauka, sai a roƙi fili wajen mai gari a yi shuka, a girbe, a sayar da rabi a ɗaure rabi a bayan jaki. Kakana wanzami ne, ƙahonsa da askarsa suna cikin zabira, duk kasuwar da suka tarar sai ya baza. Kakata kuwa ƙosai take soyawa. Ta riƙe wata 'yar ƙwarya da ta taso da ita daga ɗakin aurenta, wadda ta tsage a Abashe ta ɗinke ta da zaren kaba, ta sake tsagewa a Nuhud ta sake ɗinkewa. Na ga ƙwaryar nan da idona. Ta yi baƙi ƙirin saboda mai da hannu, ɗinkin ya fi lafiyayyen wurin yawa, kuma ba ta yarda kowa ya sha ruwa da ita sai baƙon da ya zo daga gida.

Tsakanin Jinaina da Alfashir ɗansu na fari ya kamu da zazzaɓi. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, amma wani malami Babarbare da iyalinsa suka tsaya tare da su a gindin wata kuka har yaron ya cika. Su suka yi masa sutura, suka jera duwatsu a kan kabarin saboda kuraye. Kakata ba ta taɓa ba da wannan labari ba tare da ta yi wa malamin nan addu'a ba, ko da yake ba su sake haɗuwa ba.

Inda suka fi daɗewa shi ne Jazira. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka buɗe gonakin auduga tsakanin Nilu biyu, suna neman hannu ido rufe. Maniyyata daga yamma su suka zama ƙashin bayan tsinkar audugar nan. Mutum ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya tara kuɗin jirgin ruwa, sai kaka ta zama uku, ya yi bukka, ya haifi 'ya'ya. A wani ƙauye kusa da Madani aka haifi babana. Dubban mutane ba su wuce nan ba. Jikokinsu suna Madani da Gadarif da Kasala da Damazin da Bur Sudan, suna jin Hausa, suna tuwo da miyar kuka, kuma da yawa cikin tsofaffinsu har suka mutu suna cewa su matafiya ne, Makka suka nufa.

Wanda Allah ya nufa da wucewa sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Sawakin. Can ake tsare maniyyata a killace su, a yi musu lamba, a duba takarda, a karɓi kuɗin zuwa da na dawowa. Wanda ba shi da hali yakan zame ta kudu wajen Musawwa, ya shiga ƙaramin jirgin filafilai na masu fasa-ƙwauri da dare, a sauke shi a wata gaɓa da babu ruwan sha, ya nufi arewa da ƙafa. Mutane da yawa sun halaka a haka. Tekun da ke tsakanin Sawakin da Jidda kimanin kilomita 300 ne, abin da jirgin sama yake haye shi kafin ma'aikaciya ta gama kwashe kofunan shayi.

Su kakana ta Sawakin suka biyo. Saboda duwatsun murjani manyan jirage ba sa matsowa gaɓar Jidda, sai ƙananan jirage su je su kwaso mutane su sauke su a Bunt, ginin da har yanzu yana nan a gefen Balad. Sun yi Hajjinsu, sun taka zuwa Madina sun yi ziyara, sannan aljihu ya ƙare. Suka zauna a bayan ganuwa ta kudu, cikin bukkokin Takari, wato baƙaƙen da suka zo daga yamma. Jidda a lokacin gari ne mai ƙishirwa, ruwansa daga tafkunan ruwan sama da injin tace ruwan teku da ake kira Kindasa. Kakana ya haɗa wanzanci da ga-ruwa. Garwa biyu a sanda, ya hau da su bene huɗu ko biyar a gidajen nan da yau ake ɗaukar hotonsu. Har ya rasu akwai kanta a kafaɗarsa ta dama. In na bi ta lungunan Mazlum na ga matakalan nan masu tsayi da ƙunci, shi nake tunawa.

Abin lura shi ne, jirgin sama ma sawun masu ƙafa ya bi. A Nuwamba 1925, shekarar da aka gama madatsar Sinnar, shekarar da Jidda ta shiga hannun Sarki Abdul'aziz, jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar ta Hartum suka sauka a Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, yana yada zango a Al'ubayyid da Alfashir da Jinaina da Fallomi da Maiduguri. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta wannan layi suke bi zuwa Masar, abin da ya sa aka faɗaɗa filayen da ke hanyar, na Kano ya zama babbar mahaɗa. A wannan gefen kuma, Shugaba Roosevelt na Amurka ya ba Sarki Abdul'aziz kyautar jirgi ƙirar DC-3 a 1945, wanda da shi kamfanin jiragen Saudiyya ya fara.

Kafin jirgi ya zama na kowa, mota ce ta fara rage tafiyar. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda unguwar Wapa ta 'yan canji a Fagge ta gaji taƙaitaccen sunanta na Turanci. Manyan motoci suka mayar da tafiyar shekaru ta koma ta watanni. A shekarun 1950 aka fara ɗaukar alhazai ta sama da jirage masu farfela, waɗanda sai sun sauka a hanya sun sha mai. Sardauna Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, ya ga halin da 'yan ƙasarsa suke ciki, kuma ba a jima ba aka turo Malam Abubakar Gumi Jidda a matsayin jami'in kula da alhazai. Gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975. Kuɗin man fetur ya shigo hannu, jiragen Boeing suka maye gurbin masu farfela, a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000.

Wannan zamani na gan shi ina yaro. Tsohon filin jirgi yana Kandara, cikin gari, tafiyar ƙafa daga Bab Makka. In jirgi zai sauka sai tagogin Balad su yi ta karkarwa. Da lokacin Hajji ya kama, babana yakan riƙe hannuna mu tafi masaukin alhazai da ke jikin filin, ya riƙa bi rukuni rukuni yana sallama yana tambaya, ko akwai mutumin Gaya? Wata shekara aka nuna masa wani dattijo a zaune kan buhun garinsa. Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi sunan mahaifinsa da na unguwarsu. Dattijon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Yaro, kai ɗan wanzamin nan ne da ya tafi gabas? Ai mu mun daɗe da yi masa sadakar arba'in." Kakana yana raye a lokacin, idonsa ya tafi. Da aka kawo masa baƙon suka rungume juna, ya riƙa kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, baƙon yana cewa ya rasu, ta rasu, yana nan. Jirgi ne ya kawo mana wannan rana. Ba don shi ba, da kakana ya koma ga Allah bai san wanda ya rage a gidansu ba.

Saboda haka ba na cikin masu cewa Hajjin ƙafa ya fi na jirgi lada. Lada na Allah ne, kuma wanda ya ji labarin kabarin Darfur daga bakin uwar yaron ba zai yi wa kowa fatan wannan hanya ba. Jirgi rahama ne. Ya ba tsohuwa mai shekara saba'in damar ganin Ka'aba ta koma ɗakinta. Ya sa manomi ya sauke farali bai rasa daminarsa ba. Mace ba ta haihuwa a gindin bishiya, yara ba sa ɓacewa a hannun masu sayar da mutane kamar yadda ya faru da wasu kafin Saudiyya ta haramta bauta a 1962. A 1981 aka buɗe sabon filin jirgi a arewacin gari, da zauren alhazai mai rumfuna 210 masu siffar tanti, aka rufe na Kandara. Yau ma yawancin alhazanmu Madina ake fara sauke su, Jidda sai a dawowa, su kwana suna jiran awon kaya da rabon Zamzam.

Hanyar sama ita ma ta karɓi nata rayukan. Ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zai kai su Legas aka karkatar da shi Kano saboda yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgin ya tashi daga nan zai tafi Sakkwato, wuta ta kama daga tayoyinsa, ya juyo zai sauka bai kai ba. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. A makon nan babu kantin Bahaushe a Balad da ba a zauna karɓar gaisuwa ba, don da yawansu a hannunmu suka sayi tsarabar da ta ƙone tare da su. Allah ya jiƙansu, ya karɓi Hajjinsu.

Abin da jirgi ya ɗauke mana shi ne sanin juna. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwar hanya ta tabbatar da haka. Mai tafiya a ƙasa dole ya kwana a gidan wani, ya ci tuwon wani, ya ɗauki saƙon wani. Wasiƙa takan taso daga Zariya ta bi hannu hannu har Madani. Almajiri yakan fita da izu goma ya iso Hijaz da haddar Alƙur'ani da Larabci a bakinsa, domin a kowane zango akwai malami. Hanyar nan ce ta haifar da iyalan da ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi a Makka da Madina da Jidda. Daga cikinsu aka sami Shaihu Umar Fallata, wanda ya daɗe yana karantar da Hadisi a Masallacin Annabi har rasuwarsa a 1999, aka sami Usama Hausawi da ya jagoranci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Da motoci suka daina bi, jirage suka koma wucewa ta sama, sai zangunan suka zama kamar rijiyar da aka daina ja, tana nan da ruwanta amma hanyar zuwa gare ta ta cike da ciyawa. Alhajin yau yakan ji ni ina Hausa ya yi mamaki, ya ce, "Malam, yaushe ka zo?" In na ce a nan aka haife ni, ubana kuma a Sudan, sai ya rasa inda zai ajiye ni.

A Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta. Jiragen alhazai suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru da awoyi, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. A bakin kantina na ji mutane suna ƙorafin tsawon zama a kujera da tsadar kujerar, kuma ƙorafinsu gaskiya ne. Amma a daidai wannan lokaci jiragen ruwa suna ta sauke masu gudun yaƙi daga Bur Sudan a tashar Jidda, ta tekun da su kakana suka haye. Jinaina ta ƙone. Alfashir ta shiga ƙawanya. Daga baya Madani, wadda a kusa da ita aka yanke cibiyar babana, ta faɗa hannun mayaƙa. Tun kafin wannan ma, a 2022, an kashe Hausawa da yawa a rikicin jihar Shuɗin Nilu, aka ce musu baƙi a ƙasar da aka binne kakanninsu. Waɗannan mutane jikokin waɗanda suka shayar da maniyyatanmu ne, suka ba su fili suka yi shuka, suka binne musu 'ya'ya.

Roƙona ga hukumomin alhazai na jihohinmu da malaman bita shi ne, a cikin makonnin da ake koya wa maniyyata ɗawafi da jifa, a ware zama ɗaya a shimfiɗa musu taswira, a bi da su daga Yarwa zuwa Sawakin zango zango. Jami'o'inmu na Kano da Sakkwato da Maiduguri su turo ɗalibai da na'urar ɗaukar magana zuwa unguwannin Karantina a Jidda da Shara Mansur a Makka, domin tsofaffin da aka goyo a wannan hanya saura kaɗan, kowace shekara muna kai wasu makwanci. Kai kuma Alhaji, ke kuma Hajiya, in Allah ya kira ku bana, ku sa mutanen Darfur da Jazira da Shuɗin Nilu cikin addu'arku a Arfa, kuma in ana tara taimako dominsu a masallacin unguwarku, a ba da kamar yadda ake ba ɗan'uwa na jini.